Ɗakin da Aka So Ba Ciyawar Teku

Na ji abin da ake faɗa. Kada ku ɗauka don kunnena ya yi nauyi magana ba ta isowa gare ni. Ranar sunan ɗan jikata Safiya, ina zaune a kan tabarma ana raba waina, wata yarinya daga dangin mijinta ta sunkuya ta raɗa wa ta kusa da ita, wai ga tsohuwar da ta yi wa kifin Alhaji baki. Suka cusa fuska a mayafi suna dariya. Ku jikokina kuna wurin, kun ji, kuma babu wanda ya ɗaga kai a cikinku, domin ku ma abin da kuka taso kuka tarar ana faɗa ke nan. To ni ban taɓa zama a aji ba, ban san baƙi ɗaya na boko ba, amma abin da ya faru a ɗakina babu mai digirin da ya fi ni saninsa. Shi ya sa na ce a kawo takarda a zauna a gabana. Yadda na faɗa haka za a rubuta. Kada a gyara mini, kada a sassauta don ana jin nauyin wani.

Sai kun fara sanin abin da ke tsakanina da babanku, Alhajin da ake faɗa, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Shi ne ɗan farina. Mu a rugarmu, can bayan Aujara, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana baki da baki. Ina yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a bukkarta ya girma. In ya faɗi a gabana yana kuka, sai in juya in ci gaba da kaɗa nono, har wata ta zo ta ɗaga shi. Ko yaron maƙwabta ne mai irin sunansa, "mai sunan wancan" nake ce masa. Ku na yanzu kuna ɗauka rashin so ne. Ba ku san komai ba. Shi ya sani. Ya san wa ke ware man shanu mafi kyau ta rufe da faifai ta aika masa makaranta, ba tare da an ce daga ina ya fito ba. Da ya girma ya zama ma'aikacin gwamnati, in dai muna gida ɗaya, kullum safiya sai ya zo ƙofar ɗakina ya cire takalmi ya tsuguna daga waje ya gaishe ni. Ni kuma in juya fuska bango in ce wa autata Laure, goggonku, "A ce masa lafiya lau." Laure ta faɗa masa, duk da ya ji da kunnensa. Haka muka rayu, kuma babu abin da ya taɓa ɓacewa a hanya.

Da aka yanke mana jiha aka ce Dutse ce babban birni, sai ma'aikata suka kwararo daga Kano, wasu suna kwana a ofis don babu gidan haya. Babanku ya samu fili a unguwar Takur, lokacin da in ka tsaya a ƙofar gida gonakin gero kake hange da dabino. Da za a haƙa harsashi ya aiko mota aka ɗauko mu, ni da Malam, kakanku, ya ce wa Laure ta tambaye ni inda nake son ɗakina. Na zaga filin da ƙafata, na tsaya ta gabas inda ake ganin duwatsu, na karɓi sandar Malam na kafa. A nan aka gina shi. Bango ɗaya ne ya raba shi da babban falo, ƙofarsa tana kallon tsakar gida, duk wanda zai shiga ko zai fita sai idona ya gan shi. Na jera ƙorena na aure a jikin bangon, manya a ƙasa ƙanana a sama, da fayafayai da ludaya. A ɗakin Malam ya yi jinyarsa ta ƙarshe, a nan ya cika, kansa a kan cinyata. A nan na yi takaba. Manyan cikinku kuwa, a bakin ƙofar nan na yi muku wankan farko, ku tambayi uwarku in ƙarya nake.

Sai aka koma mulkin farar hula, babanku ya samu babbar kujera. Gida ya cika da baƙi masu manyan riguna, tun asuba ake ɗora tukunya. Ya je Umara, a wani masauki a Jidda ya ga akwatin gilashi mai tsawon bango, cike da ruwan teku da kifaye masu launi kamar atamfa. Ya dawo ba shi da zance sai wannan. Ni ta bakin uwarku, Hajiya Rabi, na ji. Da farko na ɗauka tarwaɗa zai kiwata, na ce madalla, yara za su sha romo.

Ta ce, "Inna, ba a cin su fa."

Na ce, "To me ake yi da su?"

Ta ce, "Kallo."

Na ce Allah ya kyauta. Ba ruwana, gidansa ne, in ya ga dama ya kiwata kada a falo.

Aka kawo wani mutum daga Legas, gajere mai tumbi, Injiniya ake ce masa. Cikin Hausawan can ya taso, yana jin Hausa sai dai yakan lanƙwasa ta. Ban riƙe shi da komai ba har yau. Mutum ne mai son aikinsa har ya wuce misali, in yana zancen ruwa kamar yana zancen 'yarsa ta cikinsa. Ya yi kwanaki yana zaga gidan da igiyar awo da alli. Ƙofar da ke tsakanin falo da tsakar gida a buɗe take, ni kuma ina bakin ɗakina ina saƙar faifai, duk abin da suka faɗa shi da babanku a kunnena.

"Alhaji, gilashin nan da kake so mutane su gani, shi ne ƙaramin aiki," in ji Injiniya. "Babban aiki yana baya, inda ba mai gani. Kifin teku ba tarwaɗa ba ne da zai kwanta a cikin kashinsa ya yi ƙiba. A teku ruwa mai yawa ne yake wanke masa wuri. A nan mu za mu yi masa wankin, ba tsayawa."

Babanku ya ce to a sa inji mana.

"Ba inji ɗaya ba ne, ranka ya daɗe. Ruwa zai malalo daga saman gilashi, ya gangara ta bututu zuwa wani tanki a ƙasa. A can auduga za ta tare datti mai kauri. Sai wani tulu mai tayar da kumfa, ya kwashe wanda ido ba ya gani. Daga nan ruwan ya ratsa mafaka, sannan famfo ya mayar da shi sama."

"Mafaka kuma? Ta wa?"

"Ta ciyawa. Ciyawar teku da wasu 'yan ƙwari ƙanana. In ka haɗa su da kifi zai cinye su tas. Sai a ware musu nasu tankin, da yashinsu da duwatsunsu da fitilarsu, ruwa yana bi ta kansu a hankali, ba hayaniya. Ciyawar ta shanye gubar da ta rage, ƙwarin su hayayyafa, wasu su bi ruwa su je su zama abincin kifi. Ba a takura musu, Alhaji. Gwargwadon faɗin mafaka, gwargwadon lafiyar kifinka."

Wannan kam na gane shi, ko da yake ba da ni ake ba. Mu ma ba ma sakin maruƙa cikin manyan shanu, a dangwali muke ɗaure su gefe guda. Har na ji mutumin ya burge ni. Ban san inda zancen ya dosa ba. Ya ci gaba da jero kaya: ga gangunan da za a riƙa haɗa ruwa da gishiri, domin ruwan burtsatsenmu sai an tace shi an sake tacewa, gishirin ma ba na kasuwa ba ne, a buhu za a kawo shi daga ƙasar waje. Ga injin sanyaya ruwa saboda zafin Dutse. Ga filin da mutum zai tsaya ya miƙa hannu ya wanke abu. Ya ce ɗaki guda ne cur, kuma dole ya jingina da bangon da gilashin yake, a haƙa ƙasansa ya yi zurfi, domin ruwan da kansa zai riƙa saukowa. Bango biyu ne a falon suka dace. Na yamma, bayansa garejin mota ne. Na gabas, bayansa ni ce.

"Ko wancan ko wannan," in ji Injiniya, ya bubbuga bangon da tafin hannu. Ina jin ƙorena suna gogar juna daga ciki.

Babanku ya dubi bangon biyu. Sai ya ce, "Mota ba ta kwana a waje. Kuma in gilashin yana yamma, mai shigowa zai ba shi baya. A gabas nake so, mutum yana sa ƙafa idonsa ya faɗa a kai."

Tsinken saƙata ya soke ni a yatsa. Na tsotse jinin na ce a raina, magana ce ta fatar baki, in ya kwana zai tuna wa ke bayan bangon.

A shekarar ne ake ta maganar shari'a, kowane mai kujera yana son a gan shi tare da malamai. Babanku ya tara su a falo bayan la'asar, aka yanka rago, ya tambaye su ko ya halatta a tsare kifi a gilashi don kallo. Suka yi ta juya maganar, wannan ya kawo nasa wancan ya kawo nasa, ƙarshe suka tsaya a kan babu laifi, matuƙar za a ciyar da shi, a ba shi ruwa mai kyau, kada a ƙuntata masa. Ba na zargin malaman, abin da aka tambaye su suka amsa. Amma ina zaune a kan gadona ina jin ana tsoron Allah a kan haƙƙin kifi, kuma babu wanda ya ce musu akwai tsohuwa a bayan bangon da suka jingina da shi.

Yanzu ga wurin da nake so a rubuta da kyau. Babanku ya zaɓi ranar da Laure, wadda ko bayan aurenta kullum da safe tana wurina, ta tafi Jahun dubiyar surukarta a asibiti. Uwarku tana makarantar da take koyarwa, ku kuma duk an kwashe ku zuwa taku makarantar. Da hantsi na ji tafiyar mutum biyu ta tsaya a ƙofata. Ya tsuguna kamar kullum, Injiniya yana tsaye a bayansa riƙe da igiyar awo.

Ya ce, "Inna, akwai ɗan aikin da za a yi a falo, zai shafi ɗakin nan. Na sa an gyara miki wani a baya, ya fi wannan girma, da banɗaki a ciki da tayil da na'urar sanyi. In babu damuwa sai a kwashe kayan."

Na juya fuska bango. Me zan yi? Ga baƙo a tsaye. Babu Laure, babu ko 'yar aiki da zan ce wa "a ce masa". Tunda na haife shi kalma ba ta taɓa fita daga bakina ta nufe shi kai tsaye ba. Ya jira kamar yadda mutum zai shanye moɗar ruwa, ya miƙe ya karkaɗe riga.

"Alhamdu lillahi. Injiniya, ka gani, Inna ba ta da matsala."

"Mama, mun gode, Allah ya ƙara girma," in ji Injiniya, da zuciya ɗaya, shi bai san komai ba.

Da baƙon ne ya ɗauki shiruna a kan yarda, da na ce ba laifinsa, ba a garinsu aka yi al'adar ba. Amma shi? A ruga aka yanke masa cibiya. Ya san shiruna ba amsa ba ne. Ya san ko cewa ya yi zai cinna wa gadona wuta, a gaban baƙo shiru zan yi. Kunyar da na riƙe masa tun ina yarinya ɗanya, wadda saboda ita na hana kaina goya shi, na hana kaina share masa hawaye, ita ya ɗauka ya yi mabuɗi da ita ya buɗe ɗakina. Kuma ya duba ranar da babu mai isar mini da magana. Wannan ba mantuwa ba ce. Shiri ne, an yi shi kamar yadda aka shirya bututun kifi.

Na je na ga ɗakin da aka gyara mini. A jerin ɗakunan direbobi da masu gadi yake, bayan katangar cikin gida, jikin ɗakin janareto. Tagarsa tana kallon gangar mai. In zan zo tsakar gida sai na ratsa ta gaban samari suna wankin mota ba riga. Tayil kuwa yana sheƙi, wannan gaskiya ne, irin mai santsin da zai karya ƙugun tsohuwa. Wato ciyawa ce za ta samu wurin da babu hayaniya, ni in koma jikin janareto.

Da Laure ta dawo ta ji, ko mayafi ba ta cire ba ta same shi a tsakar gida.

"Yaya, Inna fa ba ta yarda ba."

"Na tambaye ta da bakina."

"Ta amsa maka?"

"Da ba ta so, ai da ta nuna."

"Ta yaya za ta nuna, Yaya? Ta jefe ka da ludayi?"

"Laure, ki kiyaye ni. Ke ce mai zuga ta. Kaya sun riga sun taso daga Legas, ba wasan yara ake ba."

Uwarku ma ta yi iya nata, ku daina jin masu cewa ita ta kitsa. Har sitonta ta ce a ɗauka, da buhunanta da komai za ta fitar. Injiniya ya auna ya ce ya yi nisa da bango, ruwa ba zai gangara can ba. Ta zo ɗakina ta zauna a ƙasa tana hawaye, na ce ta tashi, ba ita ta kafa sanda a filin nan ba.

Laure ta ce in koma gidanta, ko ta kai ni ruga wurin 'yan'uwana. Kuma abin da aka san mace irina za ta yi ke nan. Ta naɗe tabarmarta ba tare da ta ce uffan ba, ta shiga motar Aujara, kowa ya ce 'yar asali ce, kunya ta kashe ɗan a hankali. Har na fara. Na sauke layin ƙore na sama, na sauke na biyu, sai ga wani duhu a jikin bango, inda Malam yake jingina kansa in tari ya hana shi kwanciya. Man gashinsa ne ya shiga fenti. Daidai wurin Injiniya ya ce bututu zai ɓullo. Na daɗe a tsaye. Na ɗauki ƙoren ɗaya bayan ɗaya na mayar da su inda suke.

Ranar da magina suka zo da guduma da diga, na yi wanka, na ɗaura baƙin saƙina, na shimfiɗa buzun Malam a gindin bangon, na zauna na jingina bayana. Babban maginin wani dattijo ne mutumin Jahun, ya yi sallama ya leƙo.

"Hajiya, a gafarce mu, an ce mu fitar da kaya."

Na ce, "Bismillah, Malam. Ni ma kaya ce, sai ka fara da ni."

Ya dube ni, ya dubi buzun, ya ajiye gudumarsa a ƙasa. "Wallahi ba da hannuna ba," ya ce, ya je ya kira maigidan.

Babanku yana falo da baƙi suna karya kumallo. Ya fito da babbar riga, Injiniya a bayansa, baƙin suka biyo suka tsaya a bakin ƙofa suna leƙe. Ga leburori, ga uwarku, ga Laure. Bai cire takalmi ba, bai tsuguna ba.

"Me ake jira? Inna ta amince tun ranar nan, a gaban Injiniya. Laure, kama mata ta tashi."

Laure ba ta motsa ba.

Sai ya juya wajen baƙinsa yana ɗan murmushi. "Ku yi haƙuri, tsufa ne. Mun gama magana da ita, mantawa ta yi."

Mantawa. Ni da na san sunan kowace saniya da ubana ya taɓa mallaka, da uwarta da kakarta. A gaban leburori za a ce hankalina ya tafi, don a samu wurin ajiye ciyawa. Sunan yana nan a ƙasan harshena tun ranar da liman ya raɗa shi, ban taɓa ɗaga shi ba, ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na ɗaga shi.

"Buba."

Laure ta toshe bakinta da hannu biyu ta durƙushe, ita ta san abin da ya faɗi. Dattijon magini ya sunkuyar da kai ya ja da baya har ya fice daga tsakar gida. Idona yana kan buzu, amma ina ganin ƙafafun babanku, sun kafe wuri ɗaya.

Na ce, "Buba, da kai nake. Ka tambaye ni ban amsa ba, kuma ka san dalili. Yau ga amsar, tunda sai da baki kake ji. A'a. Ban manta komai ba. Ɗakina ne, a nan ubanka ya cika. Ka nema wa ciyawarka wani wuri."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ku juya shi, ku duba, ku nemo mini baki a ciki. Ban ce Allah ya isa ba. Ban ce tir ba. Ban ambaci nonon da ya sha ba. Uwa ta ce a'a a kan ɗakinta, shi ke nan.

Aka sallami magina. Injiniya ya zo ya durƙusa da tumbinsa ya ce, "Mama, ki yafe ni, na ɗauka kin yarda." Na ce ya tashi, ba shi da laifi. Ya koma ya ce wa babanku ga gareji nan, bai tafi ko'ina ba. Ta bangon nan na ji su.

"Ba za a taɓa gareji ba. A sa komai a ƙarƙashin gilashin, a yi masa kabad."

"Alhaji, wurin ya yi kaɗan ƙwarai. Mafakar za ta dawo kamar kwanon sha. Injin sanyi ma ba zai samu iska ba. Sai dai a rage kifin, a sa kaɗan."

"Ba za a rage ko ɗaya ba. An riga an ji zan kawo su."

Haka aka yi. Aka jingina gilashin da bangona ba tare da an fasa ba, aka cusa tanki da tulun kumfa da 'yar ciyawar a cikin kabad. Kifi ya iso. Wata rana da hantsi, falo ba kowa, na shiga na gan su. Ba zan ɓoye ba, ikon Allah ne. Akwai wani rawaya kamar man shanun damina, akwai wani shuɗi mai baƙin zane, suna ta kai da kawo ba inda za su. Tausayinsu na ji. Da bazara ta shigo kuwa, zafi ya sauko daga duwatsun nan, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, injin da ke cikin kabad ya riƙa huci kamar jaki. Ciyawar ta yi fari ta ruɓe. Gilashi ya kama gansakuka, ruwa ya yi hazo, falon Alhaji ya fara ƙarni. Kifin suka riƙa tasowa sama suna buɗe baki. Injiniya ya yi ta zarya daga Legas, kullum maganarsa ɗaya, wuri ya yi kaɗan. Kafin ruwan farko ya sauka babu ko ɗaya da ya rage. Mota kuwa tana garejinta lafiya lau, ko raɓa ba ta taɓa ta ba.

To a nan aka samo zancen baki. Ya fi sauƙi a ce tsohuwa ta yi furuci da a ce Alhaji ya zaɓi mota. Baƙin nan da suka leƙa suka kai labari gari, kowa ya ƙara nasa gishirin. Da gwamnati ta sauya babanku ya sauka daga kujera, kamar yadda kowa yake sauka, aka haɗa wannan ma aka ɗora mini. Babanku bai taɓa cewa na yi masa baki ba, na shaide shi a kan wannan. Amma bai taɓa tashi a cikin mutane ya ce ban yi ba.

Can ruga kuma wata shari'ar aka yi mini. Yayata Adama, wadda muke ciki ɗaya, ta biyo motar kasuwa ta zo har ɗakin nan. Ko zama ba ta yi ba.

"Da gaske ne kin kira sunansa? A gaban maza? A gaban masu kwaɓa siminti?"

Na ce da gaske ne.

"Saboda bango? Da kin kwashe ƙorenki kin dawo gida, da a ka za mu ɗauke ki. Yanzu me zan gaya wa yaranmu mata?"

Na dama mata fura da hannuna, ta ture ƙwaryar. Har ta koma ga Allah ba ta sake kwana a ɗakina ba. An ce mini a ruga in ana yi wa mai cikin fari faɗa, da ni ake misali. Ban ba Adama haƙuri ba, domin ban ga laifin da na yi ba. Wanda ya kai uwarsa bango har ta buɗe baki, shi ya kamata a bi da motar kasuwa a tambaya.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba, shi na bari ƙarshe. Washegarin ranar magina, da sassafe, Laure tana zaune kusa da ni kamar kullum, tana jiran ta isar da gaisuwa. Muka ji tafiyarsa. Ya tsaya a ƙofa.

Ya ce, "Laure, tashi ki ba mu wuri. Tunda Inna tana magana, ba sai da ke ba."

Ta dube ni, ta fita. Ya shigo har cikin ɗakin, ya zauna a bakin kujera.

"Ina kwana, Inna."

Yana jiran amsa. Babu wanda zan ce wa a ce masa. Na ɗaga kai na dube shi, rabona da fuskar nan sosai tun yana shan nono. Ashe gemunsa ya yi furfura. Idanunsa sun yi ja, da ganinsa bai runtsa ba. Kuma a saman girarsa ta hagu akwai wani tsohon tabo, dogo, wanda kowa a duniya ya sani ban da ni.

Na ce, "Lafiya lau."

Ya ce madalla, ya tashi ya fita. Daga ranar bai sake tsugunawa a ƙofata ba, shigowa yake ya zauna ya tambaye ni abin da nake buƙata, in faɗa, a kawo. Ɗakin yana hannuna, a ciki nake muku wannan magana. Tabon kuwa, kullum ina ganinsa, har yau ban tambaye shi inda ya samo shi ba.